Jan Kirtanin Kassian

Kwana uku dusar ƙanƙara ta yi tana zuba ba sassauci, iska na kwasarta daga wannan doron dutse tana jibge ta a wancan. Ran na huɗu gari ya waye tas, sama shuɗiya kamar ba ita ta yi ɓarnar ba. Ranar kuwa ita ce ranar gayyar Kassian.

A ƙuryar kwarinmu, nan Tirol, ingiricin da mutum ya yanka can sama lokacin zafi a rumbun katako yake barinsa a kan dutse, sai hunturu a sauko da shi a amalanken ƙanƙara, irin marar tayar nan. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gida-gida ake yi, kowa da ranarsa, wanda tasa ta wuce ya koma ƙarshen layi, mako uku ke nan. Shanun Kassian bakwai ne. Abin da ya rage musu bai fi cin kwana biyu ba.

Masu gayya uku suka iso da sassafe. Afra, matar Kassian, ta zuba musu madara mai zafi, ta yanka burodi da cuku. Tsoho Isidor, wanda ya shekara arba'in yana jan gaban masu hawa dutse, ko zama bai yi ba.

"Kassian, a bar wa jibi. Ƙanƙarar nan ba ta kwanta ba tukuna."

"Jibi ranar Blasius ce."

Blasius, wani ƙato marar yawan magana, ya ce da baki cike, "Ni ma nawa sun fara lasar bango."

"Ka ji ko, Baba Isidor? Saniya ba ta san jibi ba."

"Ƙyale shi, Baba," in ji Wendelin, ƙanen Afra. "Kai da ka san mijin Yaya. Jakai ma nan gidan suke zuwa ɗaukar darasi."

"Kai dai ci burodina ka yi shiru."

"Burodin Yaya dai. Kai me ka iya toyawa in ban da musu?"

A wajenmu in mai rana ya ce a tafi, to an tafi. Maƙwabcin da ya noƙe, har jikokinsa sai an yi musu gori. Isidor ya daɗe yana kallon dutsen ta taga, sannan ya ce, "To. Amma da sharaɗi. Kowa da kirtaninsa a ƙugu. Kwarin nan na Maƙogwaro, ɗaya bayan ɗaya za a haye shi. Kuma kafin rana ta taɓa kansa mun juyo, ko an gama ko ba a gama ba."

Afra ce ta ciro dunƙulen jan kirtanin daga ƙusa. Gaba goma sha biyar ne tsawonsa. Mutum ya ɗaura a ƙugu ya bar shi yana jan ƙasa a baya, in ƙanƙara ta zafto ta binne shi, kirtanin ba shi da nauyi, wani yanki nasa kan tsaya a sama, a bi shi a tono mai shi. Ba ta miƙa masa ba. Da hannunta ta ɗaura masa, ta ja ƙullin har sai da ya ce wash.

Awa biyu suka yi suna hawa, kowa da amalankensa a baya, ƙanƙara har cinya. A cikin kurmi babu abin tsoro. Inda itatuwa suka ƙare nan Maƙogwaro ya fara, wani kwari mai tsayi da ya sauko tun daga ƙololuwa, sumul, ko ɗan tsiro babu. Faɗinsa taku ɗari da ashirin. Rumbun Kassian yana ƙetare.

Isidor ya tsayar da su a bakin kurmi, ya karɓi shebur ya haƙa rami har ya tarar da ƙasa. Ƙanƙarar sama, wadda iska ta daddanne, yankuwa take gunduwa-gunduwa kamar cuku. Can ƙasa kuwa, kaurin yatsa huɗu, akwai tsohuwar da ta zubo tun farkon hunturu, sanyin makonni ya mayar da ita tsaki-tsaki. Ya damƙo ta, ta zube ta tsakanin yatsunsa, ta ƙi dunƙuluwa.

"Kun gani? Ƙofa ce aka kwantar a kan busasshen wake. Jira take a taka ta."

Bai rufe baki ba, Blasius ya gyara tsayuwa, ƙasa ta ce *wum* a ƙarƙashinsu, ta ɗan nutse kamar dutsen ya yi ajiyar zuciya.

"Har yanzu inuwa ce, a daskare take," in ji Kassian. "Ni zan fara."

Ya haye, ba abin da ya faru. Sauran ma suka haye ɗaya-ɗaya, jan kirtani na bin kowa kamar wutsiya. Da Isidor ya iso, Kassian ya dube shi ya ɗaga gira. Tsohon bai kula shi ba.

Suka tone ƙofar rumbu. Ƙamshin ingirici ya bugo su, ƙamshin rana da furanni a tsakiyar wannan sanyi. Aka shiga ɗauri. Dami uku suka tashi daidai misali. Na huɗu, na Kassian, ya ƙi ƙarewa, don ya ga in ya ƙara runguma biyar zai kwashe rumbun kaf, ba sai an sake hawowa ba.

"Mijin Yaya, coci kake ginawa?"

"Ja naka ka ba ni wuri."

Isidor ya nuna sama da haɓa. Rana ta fara lasar ƙololuwa. Bisa al'ada mai rumbu ne ƙarshe, shi ke share ƙofa ya sa sakata. Su uku suka tafi da nasu, suka haye ɗaya-ɗaya, suka tsaya a bakin kurmi suna jiransa.

Kassian ya taka damin da gwiwa ya ja igiyar ƙarshe. Ta ce ɗas, ta tsinke. Ɓera ya ci ta tun kaka. Ya ƙulla, ta gaza kaiwa. Abu biyu ne a gabansa, ya sauke sulusin dami ya mayar rumbu, ko ya samo igiya. Ya duba hagu ya duba dama, ya duba ƙugunsa.

Taku ɗari da ashirin ne kawai, ya ce a ransa, kuma mutum uku sun wuce yanzu da kaya.

Ƙullin Afra ya ba shi wuya, sai da ya sa haƙori. Ya zagaye damin da kirtanin sau uku, ya ɗaure tam, ragowar ya bar ta tana jan ƙasa a bayan amalanke. Wanda ya hango daga nesa jan abu zai gani yana binsa, ya ɗauka komai daidai. Ya sa sakata, ya naɗe igiyar ja a wuyan hannunsa na dama, ya shiga Maƙogwaro.

Yana ƙirga taku. A na sittin da 'yan kai, sai ya ji ƙara daga sama kamar an harba bindiga. Ya ɗaga kai. Wata baƙar tsaga ta keta kwarin daga gefe zuwa gefe, duk abin da ke ƙarƙashinta ya motsa lokaci guda, har da inda yake tsaye.

"Saki!" Muryar Isidor ce. "Kassian, saki! Saki!"

Ko yaron goye a kwarinmu ya san wannan. Ka saki kaya, ka yi gefe, ka yi iyo. Kassian ya ƙara naɗe igiyar a hannu. Bai yi shawara ba, hannun ne ya yi abin da ya saba.

Daga nan babu sama babu ƙasa. An nannaɗe shi, an maka shi, ƙanƙara ta cika masa baki da hanci, amalanken na fizgarsa kamar zai cire kafaɗar. Abu ɗaya ya tuna daga karatun tsofaffi: da ya ji gudun na raguwa, ya kai gwiwar hannun hagu gaban fuskarsa. Sai komai ya tsaya.

Ƙanƙarar da ta zafto ba irin ta wasan yara ba ce. Tana tsayawa take ƙamewa kamar siminti. Ko ɗan yatsan ƙafa bai iya motsawa ba. Ƙirjinsa a matse, numfashi rabi-rabi. Gaban bakinsa akwai ɗan fili da bai fi kwanon miya ba, iskarsa ke nan ta duniya. Hannun dama a miƙe can baya, igiya na cin naman wuyansa. Duhu ƙirin.

Sai ya ji taku. Wanda bai taɓa shiga ba ba zai yarda ba, amma na ƙasa yana jin na sama rau, kamar ta bangon ɗaki. Na sama kuwa ba ya jin na ƙasa ko da zai tsage huhu.

"Ga shi! Ga kirtanin!" Wendelin ne. "Blasius, shebur! Mijin Yaya, riƙe ranka, ga mu nan!"

Suka hau tono, kusa da shi ƙwarai, bai fi taku huɗu ba. Kassian ya san abin da suke tonowa. Ya yi ihu, ihun ya dawo masa cikin kunne, ya cinye masa iskar da ba shi da ita. Ya yi shiru. Yana ji suna nishi, suna jifa da ƙanƙara, Wendelin na ta yi masa magana ta ramin, yana ce masa saura kaɗan, saura kaɗan. Kowane saran shebur nasa ne aka ba wa ciyawa.

Can tonon ya tsaya.

"Ingirici ne," in ji Blasius.

"Na ga ingirici ne! Ina mutumin?"

"Babu. Dami ya ɗaure da shi. Ka ga ƙullin."

Sai Wendelin ya fashe.

"Amma Allah wadaran wannan mutum! Marowacin banza marowacin wofi! Jaki! Ya ɗaura wa ciyawa kirtani, shi ya shigo haka ziƙau! To me zan gaya wa Yaya? In ce mata albishirinki, mun ceto ciyawa? Wawa! Shekara arba'in da bakwai ba hankali!"

"Zagi ba ya tono," in ji Isidor. "Ga hularsa can sama, wajen taku arba'in. Dami ya fi mutum nauyi, shi ke yin nisa. Wanda ya saki a sama yake tsayawa. Ku ɗauko sanduna, mu jeru daga hular muna soka. Maza."

Maganar tsohon daidai take, haka aka saba samun mutane. Kassian na ji takun ya fara nisa da shi.

Bai ƙara jin sanyi ba. Wani ɗumi ne ya fara hawansa, mai daɗi, irin na bayan murhu, kuma ya san ma'anarsa. Numfashinsa ya narkar da bangon ɗan filin, ya sake daskarewa kamar gilashi, iska ta daina shigowa. Ga mamakinsa, shanun ko zuwa ransa ba su yi ba. Afra ya gani, ta sunkuya tana jan ƙulli, da farin gashi guda uku a tsakiyar kanta da bai taɓa lura da su ba sai yau da safe. Ya ce, Ubangiji, ni na jawo, ban da bakin roƙo. Amma dai ya roƙa.

Taku ɗaya ya tsaya, na Wendelin.

"Baba, dakata. Ka ga ya saki?"

"Na yi masa ihu ya saki."

"Ban ce ka yi ihu ba. Da idonka ka ga ya saki?"

"Ƙura ta rufe shi. Amma kowa saki yake yi, Wendelin."

"Kowa, ban da wannan. Shekara ashirin da biyu ina cin abinci a gidansa. Yaushe aka taɓa ce masa saki ya saki? Ko cokali ne. Wallahi yana nan maƙale da amalankensa. Ku je wajen hula in kuna so, ni gaban amalanke zan tona."

"In muka rabu, ba mu isa ko'ina ba. In kuma ka yi kuskure, mun kashe shi."

"In na yi kuskure, to ba mijin Yaya aka binne ba, wani ne."

Kassian ya saurara da ɗan abin da ya rage masa.

"Blasius," in ji Isidor, "dawo."

Shebur uku suka sauka tare. Yana jin su kamar daga cikin rijiya, suna nisa suna dawowa. Wani ya ce ga ƙahon amalanke. Wani ya ce ga igiyar, a miƙe take, ta yi ƙasa. Sai aka fizge ta. Zafi ya taso daga wuyan hannunsa ya bi ta gocacciyar kafaɗar har cikin ƙwaƙwalwa, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin abu mai daɗin wannan zafin ba. Ya so ya ja igiyar ya amsa. Bai san ko ya ja ba.

Abin da ya fara sani bayan nan warin albasa ne da taba. Wendelin ne ya haɗa baki da nasa yana hura masa iska. Blasius ya riga ya ƙwaƙule masa ƙanƙara daga baki da ƙaton yatsansa. Ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido. Shuɗin sama ya soke shi har hawaye.

"Ya dawo," in ji Blasius, ya zauna daɓas a ƙanƙara ya cire hula.

Wendelin ya nuna shi da yatsa. "Ka tambaye ni ingirici, na rantse da Allah in mayar da kai in rufe."

Kassian bai tambaya ba. Bakin ma bai buɗu ba. Hannun hagu ya ɗaga ya kama gefen rigar Wendelin. Na daman sai da aka sa wuƙa aka yanke igiyar, don yatsun sun ƙi buɗewa.

"Ku tashi," in ji Isidor, idonsa a sama. "Rabinta ne ya sauko. Sauran na nan rataye."

Suka ja shi zuwa kurmi. Blasius ya kwance daminsa ya ture shi gefe ba tare da an ce masa ba, aka shimfiɗa Kassian a amalanken, aka lulluɓe shi da rigunan mutum uku, aka ɗaure. Su suka sauko da 'yar shara a jiki a wannan sanyi.

Afra na bakin ƙofa. Ta ƙirga masu tafiya da ƙafa, uku. Ba ta yi kururuwa ba, ta dafa bango.

"Da rai?"

"Da rai, Yaya. Har da taurin kan, ba abin da ya ɓata."

Washegari likita ya hau daga ƙasan kwari ya mayar da kafaɗar. Yatsu biyu na dama sun riga sun mutu, bayan mako guda aka cire su. Dami biyun da suka iso, da runguma-rungumar da maƙwabta suka riƙa ajiyewa a ƙofar ɗakin shanu ba sallama, su suka kai dabbobin har ƙanƙara ta kwanta. Afra ba ta ce masa uffan kan kirtani ba. Kwana uku tana ba shi miya a baki, tana kallonsa kawai. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Isidor ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana juya hula.

"Laifina ne. Na ga waken nan da idona, na ji ta yi nishi, na haye da ku don kada a ce na noƙe. Tsofai-tsofai da ni, kunya ta ja ni."

"Baba, ka faɗa. Ni ne ban ji ba."

"Daga yau in na ce a'a, a'a ce, ko ranar wa ce. Mai gori ya yi."

"Wanda ya yi maka gori, turo mini shi in nuna masa hannuna."

Wendelin ne bai leƙo ba sai ran Lahadi bayan coci. Ya shigo yana kakkaɓe takalmi, ya wuce kai tsaye wajen tukunya.

"Yaya, ina gawar? An ce ta fara cin nama."

Kassian na zaune a jikin murhu, hannu a naɗe. Ya bari har ya zauna ya cika baki.

"Wendelin. A ƙasan nan ana jin komai."

Taunar ta tsaya. "Komai kamar me?"

"Marowacin banza. Jaki. Wawa."

"To. Ban janye ko ɗaya ba."

"Kada ka janye. Kuma arba'in da shida ne, ba da bakwai ba. Na kuma ji lokacin da kake tonon igiyar. Kuka kake yi."

"Mura ce."

"Har da kiran sunana. Ba mijin Yaya ba, Kassian."

"Na ce maka mura ce. Yaya, kin ji mutumin nan? Ƙanƙara ta taɓa masa kai."

Kassian ya yunƙura ya miƙe. Sai da ya dafa tebur. Mutum ne da ya gwammace ya yi maka aikin kwana uku a gona da ya ce maka sannu, duk ƙauyen an sani. Ya zagayo ya tsaya a kan ƙanen matarsa, ya cire hular da ke kansa.

"Baba Isidor ya san dutse. Blasius na da ƙarfi. Na je gidajensu jiya na faɗa musu abin da ya kamata. Amma da sanin dutse kaɗai aka bi, da yanzu ina kwance a maƙabartar bayan coci. Kai ka san ni. Duk munin halina ka zauna ka haddace shi. Na gode, Wendelin. Numfashin da nake yi yanzu, bayan Allah, naka ne. Na gode."

Wendelin ya dubi kwano, ya dubi taga, ya dubi yayarsa ko za ta cece shi. Afra ta juya musu baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge.

"To na ji," ya ce da ƙyar. "Zauna kafin ka faɗo mini a miya."

Kassian ya zauna kusa da shi a benci. Wendelin ya jawo burodin, ya yanka, ya shafa man shanu mai kauri, ya ɗora masa a hannun hagu.